Mun Iya Tara Jama'a, Amma Wa Zai Zauna Da Su?

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na zaɓi in faɗe shi a jarida, inda kowa zai gani, domin sakacin da zan ambata a fili muke yin sa, kuma ni kaina ina da rabo a cikinsa. Masu karatu waɗanda ba Kirista ba su ma ina yi musu maraba, domin su ne maƙwabtan da suke ganin halinmu safe da yamma, kuma sau da yawa sun fi mu sanin inda muka gaza.

Al'amarin shi ne mun ƙware wajen tara jama'a domin wa'azin bishara, amma mun yi watsi da renon mutum guda ɗaya har ya tsaya da ƙafafunsa cikin bin Yesu Almasihu. Muna shirya taron farkaswa na kwanaki, mu kashe kuɗi da ƙarfi, mu kira mai wa'azi daga nesa, mutane su ɗaga hannu su fito gaba, mu ƙidaya su, mu karanta adadin a sujadar Lahadi jama'a su yi murna. Bayan wata uku kuwa, in aka tambaye mu ina waɗannan mutane suke, sai a ga kowa ya sunkuyar da kai. Irin wannan shi ne Bahaushe yake kira taron tsintsiya ba shara.

Bari in fara da kaina. Shekarun baya an sa ni cikin masu ba da shawara a wani taron bishara na dare uku, aikinmu shi ne mu zauna da waɗanda suka fito gaba, mu yi addu'a da su, mu rubuta sunayensu da inda suke zama a kan wasu ƙananan katuna. A dare na ƙarshe wani saurayi ya zauna gabana, ya cire hularsa yana murza ta da hannuwa biyu, hannuwan duk sun yi kanta saboda aikin ƙarfi. Da muka gama addu'a bai tashi ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, to gobe da safe me zan yi?" Mutane suna jira a bayansa, dare ya yi, ni kuma na gaji, sai na dafa kafaɗarsa na ce masa ya kwantar da hankalinsa, za mu neme shi. Na haɗa katinsa da sauran na zuba a ambulan, na sa ambulan ɗin a aljihun jakar da nake ɗaukar Littafi Mai Tsarki, da niyyar in miƙa wa kwamiti a mako mai zuwa.

Sai bayan wata bakwai na ci karo da ambulan ɗin ina neman wata takarda daban. Babu wanda ya tambaye ni shi, ni ma ban tuna ba. Adadin kuwa tuni an karanta shi a majami'a, an rubuta shi cikin rahoton shekara. Na bi kwatancen da ke kan katin har na sami saurayin, ya tarbe ni da ladabi, ya ba ni wurin zama, sa'an nan ya ce da ni cikin sanyin murya, "Na jira ku, Baba." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Tun daga ranar nake sake karanta umarnin Ubangijinmu da wani ido daban.

A ƙarshen Bisharar Matiyu, sura 28, aya 19 da 20, Yesu ya umarci mabiyansa su je su almajirtar da dukkan al'ummai, suna yi musu baftisma, suna koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Waɗanda suka san Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sun nuna cewa umarnin da ke tsakiyar wannan jimla guda ɗaya ne, wato almajirtarwa, tafiya da baftisma da koyarwa kuwa rataye suke a jikinsa, suna bayyana yadda za a cika shi. A lura kuma da abin da aka ce a koyar. An ce a koya wa mutane su kiyaye, kiyayewa kuwa ta wuce sani nesa ba kusa ba. Ana iya sanar da mutum dubu abu a dare ɗaya ta lasifika, amma koya wa mutum ya yafe wa wanda ya cuce shi, ko ya daina ƙarya a harkar cinikinsa, ko ya riƙe matarsa da mutunci, aiki ne na watanni da shekaru, kuma sai wanda yake kusa da shi ne zai iya yin sa. Wani abin lura shi ne kalmar "Kirista" sau 3 kacal ta fito a Sabon Alkawari gaba ɗaya, alhali kalmar "almajiri" ta fito fiye da sau 250 a cikin Bisharu huɗu da Ayyukan Manzanni. Harshenmu ma ya taimake mu a nan, domin duk mai jin Hausa ya san almajiri ba mai leƙowa ya wuce ba ne. Mutum ne da ya zauna gaban malami, ya daɗe, har ya ɗauki karatunsa da ɗabi'unsa.

Haka Yesu ya yi da nasa almajiran. Markus 3:14 ta ce ya zaɓi goma sha biyu domin su kasance tare da shi, ya kuma aike su wa'azi. Zama tare da shi ne ya zo da farko, aikowa ta biyo baya. Sun ga yadda yake tashi da asuba ya keɓe domin addu'a, sun ga yadda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, sun ji shi yana tsawata musu sa'ad da suke gardama a hanya a kan wane ne babba a cikinsu, sun kuma ji kunyar ganinsa ya ɗaura tawul yana wanke musu ƙafafu. Taron jama'a ya bi shi ƙwarai, amma bai taɓa ruɗuwa da yawan taro ba. A Yahaya sura 6 ya gaya wa masu binsa a fili cewa saboda gurasar da suka ci suka ƙoshi ne suke nemansa, kuma da ya yi musu koyarwa mai nauyi da yawa suka juya suka bar shi, bai sassauta maganar domin ya riƙe su ba. A Luka sura 14 ya ce wanda zai gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. Mu kuwa sau da yawa muna ɓoye wa mutum tsadar bin Almasihu a daren da ya fito gaba, domin kada ya fasa, sa'an nan mu yi mamaki in wahala ta zo ya ja da baya, kamar irin da ya faɗi a kan dutse ya tsiro nan da nan amma rana ta ƙone shi don ba shi da saiwa.

Na san wani zai ce mini ai a ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya ta wurin wa'azi guda, saboda haka babban taro ba laifi ba ne. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba na kira a daina wa'azi a fili. Sai dai a karanta ayar da ta biyo baya, Ayyukan Manzanni 2:42, inda aka ce waɗannan mutane sun lizimci koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. Ba a sallame su da alkawarin za a neme su ba. Haka abin ya ci gaba. Da labari ya kai Urushalima cewa mutane da yawa sun tuba a Antakiya, ikkilisiya ta aiki Barnaba, shi kuma da ya ga girman aikin sai ya tafi har Tarsus ya nemo Shawulu, wato Bulus, suka shekara guda cur suna koyar da jama'a, kuma a wannan birni ne aka fara kiran almajirai Kirista. Bulus da muke ɗauka matafiyi ne da ba ya zama wuri ɗaya, ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti, ya kuma tuna wa dattawan Afisa cewa shekara uku ya yi yana gargaɗin kowannensu dare da rana har da hawaye, yana koyarwa a fili da kuma gida gida. Tafiyarsa ta biyu ma da wannan magana ta soma, ya ce wa Barnaba su koma su dubo 'yan'uwa a kowane gari da suka yi wa'azi, su ga yadda suke. Ga Tasalonikawa kuwa ya rubuta cewa saboda ƙaunar da yake yi musu, a shirye yake ya ba su har ransa ma tare da bisharar Allah.

Ikkilisiyar ƙarnukan farko ta riƙe wannan hanya da ƙarfi. Wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya na wajen ƙarni na 3 ya nuna cewa mai neman baftisma yakan yi har shekara uku yana sauraron koyarwa, kuma kafin a karɓe shi sai wanda ya kawo shi ya tsaya ya ba da shaida a kan zamansa, a tambaya ko ya girmama gwauraye, ko ya ziyarci marasa lafiya, ko ya yi ayyukan alheri. Ba ina cewa mu koma ga shekara uku ba, domin littafin kansa ya ce hali ake dubawa fiye da tsawon lokaci. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne kowane sabon mai bi yana da wani takamaiman mutum da ya san shi, wanda za a tambaya game da shi. Amfanin wannan reno ya fito fili har abokan gāba suka shaida shi, domin a shekara ta 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya so ya maido da bautar allolin gargajiya, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana ƙorafi cewa Kirista suna kula da matalautansu har ma da na waɗanda ba Kirista ba.

Ni kaina da ban sami mai reno ba da ban kai ko'ina ba, wannan ne ma ya sa sakacina ya fi yi mini ciwo. Wadda ta rene ni cikin bangaskiya wata tsohuwa ce da idanunta suka yi rauni, ba ta taɓa hawa bagade ba, ba ta da wani muƙami a ikkilisiya. Takan sa ni in zauna kusa da ita in karanta mata sura guda, in na gama sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "To, ɗana, me ya ce ka yi?" Wannan tambaya ba ta canjawa. Wata rana na karanta mata inda Yesu ya ce in kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Ta san akwai wani abokina da muka yi watanni ba ma ga maciji saboda wani bashi. Ta miƙo hannu ta lalubi littafin, ta rufe shi a kan cinyata, ta ce ba za mu karanta sura ta gaba ba sai na je na dawo. Na tafi ina jin nauyi, na dawo da sauƙin zuciya irin wanda ban taɓa ji ba. Wa'azi nawa na ji a kan yafiya kafin wannan rana, amma a hannunta na koyi kiyayewa.

A nan dole in yi gargaɗi ta ɗaya gefen, domin akwai 'yan'uwa da za su karanta wannan wasiƙa su ce madalla, ashe gara mu zauna mu yi ta nazari a tsakaninmu, mu bar wa'azi ga fastoci da masu bishara. Wannan ma kuskure ne babba. Almajirin da bakinsa ya mutu game da Ubangijinsa, almajirancinsa bai nuna ba. Sa'ad da tsanani ya tashi a Urushalima bayan kisan Istifanas, Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce duk aka warwatsu ban da manzanni, kuma waɗanda suka warwatsun ne suka yi ta shelar Maganar duk inda suka je. Mutanen da suka fara yi wa Helenawa bishara a Antakiya, Littafi Mai Tsarki bai ko ambaci sunayensu ba, ya dai ce mutanen Kubrus ne da na Kurane. Andarawus da ya sadu da Yesu ɗan'uwansa Saminu ya fara nema. Filibus da Natana'ilu ya yi masa gardama bai tsaya jayayya ba, ya ce masa ya zo ya gani. Mutumin da aka warkar a ƙasar Garasinawa ya roƙa ya bi Yesu, amma aka ce masa ya koma gida wurin danginsa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa. Babu ɗayansu da ya jira ya gama makarantar tauhidi. Tsarin da Bulus ya ba Timoti a wasiƙarsa ta biyu, sura 2 aya 2, ya haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya: abin da Timoti ya ji daga Bulus ya danƙa wa amintattun mutane, waɗanda su ma za su iya koya wa waɗansu. Zuriya huɗu ke nan a cikin aya guda.

Yadda ake faɗar bishara kuwa yana da nauyi kamar bisharar kanta. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye kullum mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da ladabi. Ina baƙin ciki ƙwarai in na ji mai wa'azi ya mai da zagin addinin wasu abin ado a bakinsa, ko in ga matasanmu a kafofin sada zumunta suna cin mutuncin mutane suna kiran wannan shaida. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ka wulaƙanta iyayensa da abin da ya tashi a kai ba zai buɗe maka zuciyarsa ba. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi izini su kira wuta daga sama, sai ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Da wani saurayi mai dukiya ya zo wurin Yesu, Markus ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, amma da ya ji sharaɗin bin Yesu ya tafi yana baƙin ciki, Yesu bai tilasta shi ba. Haka kuma ba a sayen rai da abin duniya. Taimakon mabukaci wajibi ne a kanmu ko ya saurare mu ko bai saurare mu ba, kuma ranar da muka ɗaura taimako da sharaɗin tuba, mun ɓata taimakon mun kuma ɓata bisharar. Wanda ya ji ya ƙi, yana nan maƙwabcinmu, haƙƙinsa a kanmu bai ragu ba.

Wannan hanya tana bukatar haƙuri, kuma ba ta cika rahoton shekara da manyan lambobi. Wiliyam Keri, mai ɗinkin takalma daga Ingila, ya isa Indiya domin aikin bishara a 1793, amma sai a ƙarshen 1800 aka yi wa mutum na farko ɗan ƙasar baftisma ta wurin aikinsa da na abokansa. Da a ce irin ma'auninmu na yau aka auna shi da shi, da tuni an kira shi gida. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya girmar, kuma Afolos ɗin nan, duk da iya maganarsa, sai da Biriskila da Akila suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah daidai.

Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawan ikkilisiya, cikin girmamawa, kada a ƙara shirya taron bishara sai an fara sanin waɗanda za su zauna da masu tuba, mutum da mutum, da sunansu, kuma an shirya su tun kafin ranar. In masu reno goma ne kawai muke da su, mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu fara da ƙara yawansu. A taron majalisar ikkilisiya kuma, bayan an karanta adadin waɗanda suka fito gaba, a sami wanda zai tambaya su nawa ne aka ziyarta, su nawa ne suke ajin baftisma, wane ne kuma ya ɓace ba a san dalili ba. Iyaye su tuna cewa almajiransu na farko suna kwana a ƙarƙashin rufinsu, kamar yadda bangaskiyar Timoti ta fara zama a zuciyar kakarsa da mahaifiyarsa. Tsofaffi maza da mata da suke ganin ƙarfinsu ya ƙare, su san cewa wannan aiki kujera biyu da sa'a guda a mako yake bukata, kuma matasa da yawa suna marmarin wanda zai saurare su.

Saurayin nan da na bari wata bakwai, na nemi gafararsa a ranar, ya kuwa yafe mini ba tare da jan rai ba. Muka sa rana guda a mako bayan ya tashi daga aiki, muka fara da Bisharar Markus, shi yake karantawa ni ina saurare, in ya gama in yi masa tambayar da tsohuwar nan take yi mini. Akwai makonnin da bai zo ba, akwai tambayoyin da ya yi mini da sai da na je na nemo amsarsu wurin wasu. Daga baya ya fara zuwa da wani abokin aikinsa, kuma na lura shi ne yake yi masa bayani a hanya kafin su iso. Sauran katunan da ke cikin ambulan ɗin na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu sun karɓe ni, wasu sun ce sun riga sun bar maganar. Mutum uku har yau ban same su ba, domin sun tashi daga inda suka rubuta. Katunansu suna nan cikin Littafina, ina ambaton sunayensu cikin addu'a kowace safiya, ina kuma ci gaba da tambaya.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara maka basira da lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani dattijon ikkilisiya, mai karanta jaridarku